Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata A Kan Darasin Mulkin Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ke 'yata, bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da kawunki da iyalinsa, na samu saƙonki inda kika ce darasin gwamnati da siyasar Amurka na ajin AP, wato karatu mai matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, ya yi miki nauyi, har kina tunanin ajiye shi tun kafin jarrabawar watan Mayu. Ban amince ki ajiye shi ba, kuma zan faɗa miki dalilina, tunda kin kai shekarun da ya kamata a riƙa yi miki bayani.

Na fahimci daga rubutunki cewa hadda kika sa a gaba: sanatoci 100, 'yan majalisar wakilai 435, alƙalan Kotun Ƙoli 9, da wakilai 538 masu zaɓen shugaban ƙasa, waɗanda sai ɗan takara ya samu 270 daga cikinsu zai lashe. Waɗannan alƙaluma za su zauna a kanki da kansu. Abin da nake so ki riƙe shi ne tambayar da ta haifar da su. Mutanen da suka taru a Filadelfiya a 1787 domin rubuta kundin tsarin mulki ba su yarda a bar wa mutum ɗaya ko hukuma ɗaya wuƙa da nama ba, saboda haka suka rarraba iko ta yadda kowane ɓangare zai iya taka wa ɗan'uwansa burki. Shugaban ƙasa yana iya ƙin sa hannu a kan doka, amma idan kashi biyu bisa uku na kowace majalisa suka dage, dokar za ta tabbata ko yana so ko ba ya so. Shi ke zaɓo alƙalan tarayya, amma ba za su hau kujera ba sai majalisar dattawa ta amince. Duk babin da ya rikita ki, ki tambayi kanki wane ne aka ba iko a nan, kuma wane ne aka ɗora wa alhakin sa masa ido.

Ki karanta takardun asali da malaminku ya ba ku, kada ki dogara da taƙaitawar da ake samu a intanet, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Turancin James Madison, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara kundin, tsoho ne kuma jimlolinsa dogaye, amma idan kika bi shi sannu a hankali za ki ga mutum ne mai kafa hujja. Ki kuma karanta abokin hamayyarsa da ya yi rubutu da sunan Brutus, wanda ya ji tsoron gwamnatin tarayya za ta haɗiye jihohi. A jarrabawarku akwai rubutun da za a nemi ki ɗauki matsayi ki kare shi, sannan ki amsa hujjar wanda ya saɓa miki, kuma ba za ki iya amsa maganar da ba ki saurare ta da adalci ba.

Inda na fi so ki daɗe shi ne shari'o'in Kotun Ƙoli. Ki duba labarin Clarence Gideon, talakan da aka tuhuma da fasa wani gidan wasa a jihar Fulorida. Ya roƙi alƙali ya ba shi lauya saboda ba shi da kuɗin ɗauka, aka hana shi, aka yanke masa ɗaurin shekara 5. Daga cikin kurkuku ya ɗauki fensir ya rubuta ƙorafinsa da hannunsa zuwa Kotun Ƙoli, kuma a 1963 alƙalan duka suka yanke cewa wajibi ne jiha ta samar wa talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya. Da aka sake shari'ar da lauya a gefensa, aka wanke shi. Haƙƙin samun lauya yana cikin gyaran da aka yi wa kundin tun 1791, amma sai da wannan fursuna ya dage kafin ya game kotunan jihohi. Haka ɗaliban jihar Ayowa da aka dakatar daga makaranta saboda sun ɗaura baƙin ƙyalle a damtse don nuna adawa da yaƙin Biyetnam. A 1969 kotun ta ba su gaskiya. Sa'o'inki ne a lokacin, wata ma ba ta kai ki ba.

Kada kuma kyawun waɗannan labarai ya rufe miki ido. Kundin 1787 ya bar bauta a inda ya same ta, har ya ƙidaya bawa a matsayin kashi uku bisa biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. Sai a 1865 aka haramta bauta, mata ba su samu tabbacin 'yancin zaɓe a duk ƙasar ba sai 1920, kuma baƙar fata na kudu sun jira har 1965 kafin doka ta buɗe musu rumfar zaɓe da gaske. Ki faɗi wannan a aji ba tare da tsoro ba, cikin ladabi, kuma da hujja a hannunki.

Wannan karatu ya shafe mu a gida. A 1979, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki, Najeriya ta bar tsarin firaminista na Ingila ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, kuma a kansa muke har yau da sanatoci 109 da wakilai 360. Amma mun ƙara sharaɗinmu, wato sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Ina so ki rubuto mini ra'ayinki a kan dalilin wannan sharaɗi, ki kwatanta shi da tsarin wakilan zaɓe na can, wanda a 2000 da 2016 ya ba da mulki ga wanda bai fi yawan ƙuri'un jama'a ba. Ki kuma je wurin malaminku a wannan makon ki nuna masa babin da ya tsaya miki.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki basira.

Wassalam,
Mahaifinki