Roƙon tallafi: yaranmu na buƙatar katako da takalma don ajin rawar tap

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye da 'yan'uwa mazauna Bronx da Harlem da kewaye.

Kwamitin iyaye na makarantarmu ta ranar Asabar ne ke gaishe ku, tare da miƙa ƙoƙon bara. Buƙatar biyu ce: katakon da za a riƙa shimfiɗawa a ɗakin ƙasa, da takalma ga yaran da iyayensu ba su da hali. Amma tun da wasu sun tambaya me ya haɗa makarantar koyon Hausa da rawa, bari mu fara da bayani.

Bayan an tashi karatu an yi sallar azahar, akwai awa guda da yara ke jiran iyayensu su taso daga aiki, kowa ya duƙufa a kan waya. Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa baƙar fatar Amurka, ita ta nemi a ba ta wannan awa ta koya musu tap, rawar nan da ake yi da takalmi mai ƙarfe a baki da dunduniya, ƙafar mai rawa ita ce gangarsa. Ko sisi ba ta karɓa.

A Harlem aka haifi Malama, kuma a hannun kakanta ta koya, a lokacin da rawar ta daina ci da masu ita. Shi kuwa kakan yana cikin samarin da suka riƙa leƙa Hoofers Club, wani ɗan ɗaki kusa da gidan wasa na Lafayette inda gwanaye ke gwada ƙafa a shekarun 1920 da 1930. Dokar wurin sananniya ce: ka ɗauki takun wani, amma kada ka maimaita shi sak, sai ka juya shi ya zama naka. Har yau da wannan doka take tafiyar da ajinta.

Ba ta barin yaro ya sa takalmi bai san daga ina abin ya fito ba. Takan ba su labarin tawayen bayi na Stono a Karolina ta Kudu a 1739, da dokar 1740 da ta hana bayi mallakar ganga, yadda kiɗa ya koma tafi da dukan cinya da buga ƙafa. Daga nan sai unguwar Five Points a Manhattan, inda baƙaƙen fata da 'yan Ayaland suka zauna gida ɗaya cikin talauci, takunsu ya gauraya, har William Henry Lane, wanda ake kira Master Juba, ya yi suna a shekarun 1840. Yaranmu da yawa a nan aka haife su, kuma a ganinmu wannan tarihi ne da ya kamata su ji daga bakin mai shi.

Koyarwarta ta kunne ce. Babu madubi a ɗakin, kuma ta ce ko da akwai, rufe shi za ta yi. Takan fara faɗin kiɗan da baki, yara su amsa, sannan ta buga da ƙafa su amsa, kamar dai yadda malamin allo ke biyawa almajiri ya maimaita. Sababbin shiga sukan yi makonni a kan sauti biyu kacal, share ƙafa gaba da dawo da ita, har sai an ji kowanne daban. Wani lokaci takan sa su rufe ido, ta ce su gaya mata da bakin takalmi ta buga ko da dunduniya. Yaron da ke gaggawa ba ta yi masa tsawa, sai ta sa shi ya rage gudu har ya ji inda yake haɗiye bugu. Kafin a tashi kuma sai a yi da'ira, kowa a ba shi ɗan fili ya ƙirƙiro nasa, babu wanda aka yarda ya yi wa wani dariya. Da Shim Sham ake rufewa, tsohon takun nan da 'yan tap ke yi tare a ƙarshen taro.

To, a nan matsalar take. Koyarwar da ta dogara ga kunne tana buƙatar daɓen da ke amsawa, mu kuwa ƙasan ɗakinmu siminti ne da tayil a kai. Sauti yana mutuwa, ƙarfe yana santsi, kuma buga ƙafa a kan siminti yana taɓa ƙauri da gwiwa. Saboda haka Malama ta hana duk wani taku mai tsalle, ajin ya tsaya wuri ɗaya. Mai gidan ma ya fara ƙorafin an karce masa tayil, kuma yana da gaskiya.

Abin da muke so shi ne falankai masu kauri, irin masu faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, a manna musu soso a ƙasa domin su riƙa lotsawa kaɗan, a shimfiɗa ranar Asabar a jingine bayan an gama. Kafintoci da ke cikinmu, aikin hannunku ma gudummawa ne babba. Wanda kuma ɗansa ya fi ƙarfin takalminsa na tap, ya kawo, akwai mai jira.

Ga iyayen da ke da shakku: ajin 'yan mata daban, na maza daban, kowa da suturarsa ta mutunci, kuma ba a taɓa lokacin karatu ko na salla. Ƙofa a buɗe take, ku zo ku zauna ku gani.

Muna fatan kammalawa kafin 25 ga Mayu, ranar haihuwar shahararren ɗan rawar tap Bill Robinson a 1878, wadda Amurka ta mayar ranar rawar tap tun 1989, domin yara su nuna wa iyaye abin da suka koya. Ma'ajin kwamiti yana makaranta kowace Asabar da rasit a hannu, kuma za a karanta lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a taron iyaye na gaba. Komai ƙanƙantarsa, kada a ji nauyin kawowa.

Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a.

Kwamitin Iyaye