Abba, Kafin Ka Zubar da Baƙin Mai

Auyo, Jihar Jigawa.

Abba,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyi? Na ji an damƙa maka janaretocin injinan casar shinkafa a Kura. Allah ya taya ka riƙo. Kunne zan ja maka a kan baƙin mai.

Kada launi ya ruɗe ka. Man injin gas kan yi baƙi ƙirin cikin 'yan awoyi saboda hayaƙi, wannan ba ciwo ba ne. Abin da ke cin inji ido ba ya ganinsa. Don haka duk awa 250, lokacin juye, ɗebi kaɗan ka aika ɗakin gwaji.

A wajen ɗibar ake ɓata aikin. Ɗiba inji na da zafinsa, kada ya wuce rabin awa da kashewa, kafin datti ya kwanta. In ka kwance noti ta ƙasa, bar na farko ya zuba, laka ce ta gindin kwano; na tsakiya za ka tara. Mililita 100 ta isa, a sabuwar kwalba mai murfi. Ban da robar lemo da aka ɗauraye, ɗigon ruwan cikinta zai sa a ɗora wa inji laifin da bai yi ba. Rubuta a jiki: wane inji, awoyinsa, awoyin man, irinsa, lita nawa aka yi ciko. A karon farko haɗa da sabon mai daga jarka, don a san mafarin lissafi, ka kuma gane ko jabu aka sayar muku.

Takardar sakamako za ta dawo da sunayen ƙarafan da aka samu a cikin man. Baƙin ƙarfe daga silinda ne ko kiranshaf, kuromiyam daga ringi, alminiyam daga fistin. Dalma da tagulla in sun tashi tare, metal ne ke cinyewa, wato shimfiɗar ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kanta. Tsayar da inji kafin ya buga.

Amma kai, layin silikon za ka fara dubawa. Ƙura ce. Ga hunturu, ga ƙaiƙayin shinkafa, shi ma cike yake da silika, inji kuwa yana shaƙa dare da rana. In silikon ya hau, baƙin ƙarfe da kuromiyam suka bi bayansa, yashi ne ke goge ringi. Canza mai a nan asarar kuɗi ce kawai. Bi hanyar iska: filta, tiyon da ya tsage, kilif da ya saki. Cire tiyon, shafa yatsa a cikinsa, ta bayan filta. Ko 'yar ƙura ka gani a yatsanka, ɓarawon ke nan. Kuma ka hana yara buga filta a ƙasa da sunan kakkaɓewa, takardar cikinta ce ke yagewa.

Kaurin mai mai lamba 15W-40 a zafin digiri 100 na Salshiyas yana tsakanin 12.5 da 16.3 a ma'aunin kauri na takardar. In ya faɗi ƙasa, gas ne ke tsiyaya cikin mai, duba nozul. Sodiyam da fotasiyam kuwa ruwan lagireto ne, ka zargi gaskit. Ruwa ma kana iya kama shi da kanka: ɗiga mai a kan faranti mai zafi sosai, in ya yi ƙara tas-tas, akwai shi.

Na'urar gwajin ba ta ganin manyan ɓarɓashi, wanda ya haura kamar maikiron 10 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ya wuce ta. Saboda haka yanka tsohuwar filtar mai, buɗe takardar cikinta a rana. Ƙyalli kamar garin zinare ba abin a jira takarda ba ne.

Sakamako ɗaya ba ya faɗin komai sosai. Sayi littafi, kowane inji da shafinsa, ka jera lambobin. Ƙarfen da ya saba ba ka 20 ya wayi gari da 45, shi ne abin tsoro, ko da takarda ta ce lafiya lau.

Tsohon man kuma a tara a duro, kada a zuba a magudanar ruwan noman rani.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe hanci a wurin casa.

Mahaifinka.