Kada a raba talaka da tsabar kuɗi kafin a tanadar masa madadi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in bayyana damuwata game da yadda tsabar kuɗi ke ƙara wuya a hannun jama'a, da kuma yadda hukumomi ke nuna cewa burinsu a wayi gari duk wani ciniki ya koma ta waya da kati.

Ni ba mai adawa da tiransifa ba ne. Falken shanun da ke zuwa Karar Bukuru ya huta da ɗaura miliyoyi a ƙugu yana bin hanyar da ɓarayi ke tarewa, uban da ɗansa ke karatu a nesa kuma yana aika masa guzuri cikin minti guda. Abin da nake ƙi shi ne a matse kuɗin hannu da gangan domin a tilasta wa mutane shiga tsarin da har yanzu bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Mun riga mun ɗanɗana irin wannan tilas. Babban Bankin Najeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, amma jama'a ba su ji shi a jikinsu ba sai bayan 26 ga Oktoba, 2022, ranar da gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Hujjar da aka bayar ita ce, cikin kusan Naira tiriliyan 3.2 da ke yawo, wajen tiriliyan 2.7 suna waje da bankuna, kuma janye su zai karya lagon masu garkuwa da mutane. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, 2023, aka ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu, aka karɓe tsofaffin takardu daga hannun mutane alhali sababbin ba su wadata ba. Magidanta suka riƙa kwana a layin ATM, marasa lafiya suka rasa abin sayen magani da kuɗinsu a asusu, har sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 3 ga Maris, 2023, cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Garkuwa da mutane kuwa, kowa shaida ne, ba ta tsaya ba.

Duk mai son sanin inda matsalar take, ya je kasuwar Farin Gada da ke Jos da sassafe, lokacin da ake sauke kabeji da karas da tumatir. Manomin da ya taso daga ƙauyukan Mangu ko Bokkos yana da direban da zai sallama, da 'yan dakon da suka sauke masa kaya, da leburorin da ya bari a gona suna jiran ladansu, kuma kusan dukkansu a hannu suke karɓa. Sai mai saye ya ɗaga waya ya nuna masa cewa kuɗi sun fita, shi kuma ya duba tasa ƙaramar wayar ya ce, "Alhaji, alat bai shigo ba." A haka za su tsaya cirko-cirko, wannan ba zai sake biya ba, wancan ba zai saki kaya ba, rana tana ɗagawa, tumatir yana yin ruwa a kwando. Ƙarshenta manomin yakan karya farashi ga duk wanda ya zo da tsaba a aljihu. Ga kuma masu alat na bogi, waɗanda suka fi cutar wanda bai iya karanta saƙon banki ba, tunda da Turanci ake aiko shi.

Sannan akwai tsada, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Takardar Naira 500 za ta bi ta hannun mai shayi da mai ƙosai da mai keke Napep, ta kai yamma tana nan yadda take. Kuɗin da ke bi ta na'ura kuwa ana gutsurar su a hanya: banki ya ɗauki ladansa, a ciri harajin Naira 50 idan tiransifar ta kai Naira 10,000, kuma tun daga Maris na 2025 wanda ya ciri kuɗi a ATM ɗin bankin da ba nasa ba yana biyan Naira 100 a kan kowace Naira 20,000. Idan na'urar ta ƙi fitar da komai, abin da ya zama ruwan dare, sai a koma wajen mai POS a sayi kuɗi da kuɗi. Ba na ganin laifin waɗannan matasa, domin sana'a suka samu, su ma sau da yawa sayen tsabar suke yi a gidajen mai da wajen 'yan kasuwa. Amma mai Naira 5,000 da aka cire wa 100 ko 200 ya yi asarar da attajiri ba zai taɓa jin irinta ba.

Tsarin kansa ya rataya ne a kan wutar lantarki da sabis, biyun kuma ba abin dogaro ba ne a wajenmu. A 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da dama suka tsaya cak. A Satumba na 2021 gwamnati da kanta ta rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, matakin ya kuma shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Da a ce babu kuɗin hannu a lokacin, da me mutanen can za su sayi hatsi? Mu mazauna Jos da muka sha zaman dokar hana fita mun san darajar 'yan canjin da ke cikin gida. Hatta Suwidin, wadda ake buga misali da ita wajen barin tsaba, hukumominta suna shawartar jama'a su ajiye wani abu a gida saboda ranar ko-ta-kwana. Ba na kuma mantawa da cewa a Nuwamba na 2020 Babban Banki ya samo umarnin kotu aka rufe asusu 20 na waɗanda aka danganta da zanga-zangar EndSARS; ko mene ne ra'ayin mutum game da zanga-zangar, ya kamata ya tsorata da ranar da abincin iyalinsa gaba ɗaya zai dogara da asusun da wani zai iya kullewa.

Jama'armu ba ƙin ci gaba suke yi ba. An ƙaddamar da eNaira, wato kuɗin intanet na Babban Banki, a Oktoba na 2021 da gagarumin biki, amma da wuya ka ga mai amfani da ita a kasuwa, alhali lambobin OPay da Moniepoint suna manne a teburin mai nama da shagon mai gyaran waya ba tare da an tilasta wa kowa ba. Abin da ya yi aiki mutane za su rungume shi da kansu. Waɗanda suka rage su ne tsohuwar da ba ta da BVN, da matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gida ta hannun yara, da makahon da ke jiran sadakar Juma'a, kuma su ma 'yan ƙasa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ina kira ga gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, da ya tilasta wa bankuna zuba kuɗi a na'urorinsu, musamman ƙananan takardu na 50 da 100 da 200 waɗanda suka yage suka yi ƙaranci, ya kuma hukunta duk bankin da ya riƙe kuɗin tiransifar da ta maƙale fiye da ƙa'ida. Wakilanmu na Filato a Majalisar Tarayya su nemi dokar da za ta haramta wa asibiti ko kantin magani ko makaranta ƙin karɓar tsabar kuɗi. Kai kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon ka tura wakilinka Farin Gada bayan sallar asuba, ya ji ta bakin manoma da 'yan dako, a buga abin da suka faɗa da sunan kasuwarsu domin hukumomin Abuja su karanta.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku,
Unguwar Rogo, Jos.