A Riƙa Tambayar Masu Horar da Matasan Zari-Ruga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda ake naɗa masu horar da matasa a wasan zari-ruga, ko da yake na san cewa a nan Damagaram kokawa da ƙwallon ƙafa ne suka mamaye zukata.

Tun 2008 ake buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, kuma Afirka ta Kudu ta ci kofin a 2012 da 2025. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Handré Pollard, ɗan wasan Afirka ta Kudu wanda ya buga a tawagar matasan ta 2012, daga baya ya ɗauki kofin duniya na manya har sau biyu, a 2019 da 2023, domin ƙasarsa tana da tsani tun daga gasar makarantu ta Craven Week har zuwa babbar tawaga. A ganina, da irin wannan ya kamata a auna mai horarwa: yara nawa ya raina suka kai gaba?

Mu kuwa, ɗan ƙanena ya shekara biyu yana atisaye a kan rairayi da ƙwallo ɗaya tak, wadda baduku ya ɗinke har sau uku. Rana ɗaya aka sauya wa ƙungiyarsu mai horarwa ba tare da tallata gurbin ba, kuma babu wanda ya tambayi na farko inda ya kwana, ko ya gindaya wa sabon wa'adi.

Ina kira da a riƙa bayyana sharuɗɗan naɗi, a kuma nemi rahoto a rubuce duk ƙarshen shekara.

Naka,
Wani mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram