Godiya ga ma'aikatan gandun Chincoteague

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gandun namun daji na Chincoteague, jihar Bajiniya, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, ni da iyalina, kan yadda kuke riƙe da wannan gandu na tsibirin Assateague.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuke killace wani yanki na gaɓar teku lokacin da tsuntsun piping plover ke saka ƙwai. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne da ba ya sheƙa a bishiya. Rami marar zurfi yake yi a cikin rairayi, ƙwan kuma kalarsu ɗaya da yashi, sai mutum ya taka bai sani ba. Da yarana suka so tsallake igiya, wata ma'aikaciyarku ba ta daka musu tsawa ba. Durƙusawa ta yi, ta ba su madubin hangen nesa, ta bar su suka nemo uwar da kansu tana kwance a kan ƙwai. Daga nan su suka koma masu jan kunnen wasu. A ganina wannan ya fi allon gargaɗi tasiri nesa ba kusa ba.

Tun 1943 aka keɓe wurin domin tsuntsaye masu ƙaura, musamman fararen dinyoyi, amma ba ku mai da shi na tsuntsu kaɗai ba. Mun zaga fadama a kan keke, mun ga zalɓe yana kamun kifi, mun hango wasu gajerun dawakai, mallakar 'yan kwana-kwanan garin Chincoteague, suna kiwo bisa izininku. Babban kuregen Delmarva ma, wato yankin da gandun yake, da aka cire daga jerin dabbobin da ke daf da ƙarewa a 2015, akwai guminku a ciki.

Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1867, mai ratsin ja da fari, tana nan tsaf, kuma har yau fitilarta na aiki.

Sauro kam akwai shi, sai dai tun a ofishin karɓar baƙi kuka ce mu shafa magani, muka kuwa ji daɗin shawarar.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙwarin gwiwa.

Naku,
wani uba da ya ziyarce ku da iyalinsa