Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Jami'ar Da Ke Maƙwabtaka Da Mu

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara. Mu talakawanka mazauna unguwannin da ke jikin katangar jami'a, dattawa da masu unguwanni da iyaye mata, muna faɗuwa muna gaisuwa, muna kuma neman afuwa idan harshenmu ya yi kaifi.

Ranka ya daɗe, amai da gudawar da ta kwantar mana da yara a daminar nan ita ta kawo mu gabanka. Sai bayan an sallamo su daga asibiti wani malamin jami'ar mai tsoron Allah ya shaida mana cewa ɗalibai sun daɗe da auna ruwan rijiyoyinmu, sun gano ruwan masai yana tsatsafowa ciki. An rubuta, an ba da maki, an ɗaure kundin an jera a kanta. Mu da muka buɗe musu ƙofa, muka ja musu guga da hannunmu, ba wanda ya dawo ya ce mana ku tafasa kafin ku sha. Da muka nemi dalili, sai aka ce wai sashen ba shi da kason kuɗin komawa wurin jama'a. Na zuwa ɗaukar ruwa akwai, na dawowa da sakamako babu!

Mun rubuta, mun aika wakilai, an karɓe mu da fara'a, an ce za a kafa kwamiti. Haka muke ta yi shekara da shekaru. Ɗalibai kuwa ba su fasa zuwa da takardun tambayoyi ba, yau kan gonakinmu, gobe kan haihuwar matanmu.

Allah ya taimaki Sarki, ba sadaka muke roƙo ba. Su da bakinsu suke cewa aikin jami'a uku ne: koyarwa, bincike da hidimta wa al'umma. A manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022, an bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta gwargwadon buƙatar yankinta. Ga asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, da dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa bincike. Jami'ar Ilori ta daɗe tana tura ɗaliban likitanci su zauna cikin ƙauyuka, a matsayin darasi. To, me ya hana tamu?

Muna roƙon Mai Martaba ya kira shugabannin jami'ar, a ware wa kowane sashe kasonsa a kasafin shekara, domin hidimar jama'a ta zama darasi mai maki, da malami mai lura. Malaman kirkin da ke zuwa yanzu daga aljihunsu suke yi, ran da suka gaji shi ke nan. Masu karatun lafiya su duba ruwa da magudanai, na aikin gona su shiga gona, masu koyon malanta su taimaka a firamarenmu. A sa wakilanmu cikin masu zaɓar aikin, har da mata. Duk binciken da aka yi a kanmu a dawo a karanta mana da Hausa. Wancan sakamako na rijiyoyi kuma, don girman Allah, a fito mana da shi yanzu, mu san wacce za mu rufe, domin har yau daga cikinsu yaranmu ke sha.

Allah ya ƙara wa Sarki imani da yawan rai, amin.

Talakawanka masu biyayya,
Al'ummar unguwannin maƙwabtan jami'a.