Wasiƙar Godiya Ga Shagon Littattafai Na Hanyar Ƙofar Kaura

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shago baki ɗaya.

Bayan gaisuwa da fatan kasuwa tana albarka, na ga ya dace in yi muku wannan godiya a bainar jama'a, tunda Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ni tela ne a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, kuma ina cikin masu karatun ƙagaggun labarai tun zamanin da ake karɓar hayar littafi a kwana da shi a mayar da safe.

Kun san littafin da nake nufi, labarin nan mai kashi uku na binciken kisan wani attajiri a cikin gidansa. Na ɗaya da na biyu suna cikin akwatina tun ina saurayi, na uku kuwa aro ya tafi da shi bai dawo ba. Na nema har na haƙura, don an daina buga shi. Duk mai bin harkar ya san yadda ta koma. Littattafan nan da suka cika kasuwannin Arewa tun daga tsakiyar shekarun 1980 yanzu sai an tona. Takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinta ya ƙara tashi. Marubuta da yawa sun koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, masu shaguna kuma sun juya zuwa littattafan makaranta. Ba na ganin laifin kowa, abinci ake nema.

Da na yi wa yaronku maganar, bai ce mini babu ya juya baya ba. Ya ɗauko littafin oda ya rubuta suna da kashin da nake so, ya ce za a tambayi dillalai a Kano da tsofaffin masu bayar da haya a Funtuwa da Malumfashi. Ranar da ya kira ni na zo, sai na tarar an riga an yi wa littafin gyara. An cire ƙusoshin da suka yi tsatsa an sa sababbi, an liƙe bangon da gam, an naɗe shi da leda. Shafi ɗaya da ya yage an manne shi ta baya da farar takarda yadda ko harafi bai ɓace ba. Kuɗin da kuka karɓa bai wuce na littafin da na mota ba, alhali kun ga irin son da nake masa a fuskata, da kun ninka ma zan biya.

Kai ne kuma, Alhaji, ka ce mini akwai karatunsa na murya, wanda aka ɗauka da izinin marubucin, kuma yana samun kasonsa a duk wanda aka tura wa. Wannan ya kwanta mini a rai ƙwarai. Mun sha ganin ana kwashe wahalar marubuci a ɗora a YouTube ko a cika memori da ita, shi ko sisi bai gani ba. Wasu ma na'ura suke sa wa ta karanta, ga shi rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai ka ji ana ta kwaɓa Hausa har kunne ya gaji. Naku mutum ne ya zauna ya karanta, Bahaushe da ya san inda ake jan numfashi, kuma babu kiɗan da ke danne maganarsa.

Na sa memorin a rediyon shago, hannu na kan keke kunne na kan labari. Na ɗauka tunda na san wanda ya yi kisan, daɗin ya ragu. Ashe wani daɗin ne daban ke jirana. A karatun farko gudu mutum yake yi, burinsa kawai ya kai ƙarshe ya ga wa za a kama. Yanzu da ba ni da wannan gaggawar, sai na koma kallon yadda marubucin ke ɗana tarko. Mai karatun ya ba kowa muryarsa. Ɗan sandan ciki a hankali yake magana kamar ba abin da ya dame shi, maigadin gidan muryarsa na rawa, uwargida kuwa gajerun amsoshi take bayarwa. A takarda ban taɓa jin tausayin maigadin nan ba, amma da na ji shi yana rantsuwa da muryar tsoho, sai da na tsayar da keke.

Ga abin da ya fi burge ni, wataƙila don sana'ata ce. A kashi na uku an tsinci wani ɗan zare a jikin ƙyauren ɗakin mamacin, kuma shi ya warware komai. Ina jin wurin sai na tuna kamar an ambaci aikin wuyan rigar wani tun can farko. Da dare na buɗe kashi na ɗaya ina bin shafuka da fitilar waya, sai ga shi: ranar walima, an bayyana babbar rigar mutumin da launin zaren da aka yi mata aiki, cikin layi biyu kacal, tsakanin bayanin abinci da na baƙi. Marubucin bai yaudare mu ba, ya ajiye hujjar a gabanmu ya bar mu muka wuce ta. Kunne ne ya tuna mini, amma takarda ce ta tabbatar, domin ita kake iya komawa baya ka sa yatsa a kan layi. Shi ya sa na daina yarda da masu cewa sauraro zai kashe karatu.

Sauraron ma ai ba baƙo ba ne a garin nan. Lokacin gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, Abubakar Imam yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina, kuma a wancan zamani masu iya boko kaɗan ne, mutum ɗaya ke karantawa a zaure sauran su kasa kunne. Daga baya gidajen rediyo suka ɗauka, har ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, wadda ake karanta labaranta a iska.

Yaran shagona ba su san ƙarshen labarin ba, kuma na ƙi faɗa musu. Sun rabu biyu, wasu sun ɗora wa direba, wasu sun ce ƙanin mamacin ne, ana guga ana gardama. Ƙaraminsu, wanda ya yi nisa a allo amma boko ke ba shi wuya, yanzu yakan karɓi littafin bayan la'asar, ya kunna karatun yana bin layi da yatsa. Ban sa shi ba, shi ya nema.

Roƙona biyu ne, Alhaji. Ku isar da gaisuwata ga marubucin da kuma bawan Allahn da ya karanta. Sannan in da hali, ku ware kanta guda ta tsofaffin littattafan bincike da na yaƙi, ku sanar da cewa kuna saye daga hannun jama'a, don na san akwai su da yawa a akwatunan gidajen Katsina gara tana cin su.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya, ya yi wa yaran shago albarka.

Naku,
Wani tela daga Ƙofar Marusa, Katsina.